Ƙulle-ƙullen Kalilu Mai Tufka

Kalilu taubashina ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, don haka tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma ya ce bai taɓa ganin uwargijiyar da kullum cikinta ke gidan bawa ba. Sai in ce masa, "Dama mi kat taɓa gani?" Ya yi ta dariya har ya riƙe ciki. Duk Tungar Yari ba mai iya faɗa masa wannan magana in ba ni ba, domin Kalilu makaho ne. Baƙon dauro ya cinye masa idanu tun bai isa bin awaki ba.

Tungar Yari ɗan ƙauye ne a bayan Gangara, cikin ƙasar Sabon Birni. Gero da dawa muke nomawa, kamar yadda kakanninmu suka yi. Uban Kalilu mutum ne mai taurin kai, ya rantse ɗansa ba zai zauna bakin kasuwa yana miƙa hannu ba, sai ya kai shi wurin wani tsoho ya koyi tufka. Da ita ya ci, da ita ya yi sutura. Ya san ramar da ta jiƙu daidai da wadda ta ruɓe a tafki, daga wari kawai. Yakan zauna gindin katanga ya miƙe ƙafa, ya tofa miyau a tafin hannu, ya ɗora zaren a cinya ya murza. Cinyarsa ta dama sumul take, ko gashi ɗaya babu. Bakinsa kuwa ba ya hutawa, in ba tsokana yake ba to salati yake a hankali, leɓɓa na motsi ba ka jin sauti. Igiyar guga, dabaibayin jaki, igiyar ɗaure itace, duk yana yi. Fulani sukan taso tun daga wajen Turba su ba shi aikin dangwali, igiyar nan mai madaukai da ake jera maruƙa a jikinta.

A ƙauyen nan ba ya neman jagora. Ƙafarsa ta san inda yashi ya ƙare tsakuwa ta fara, hannunsa ya san dangar kowane gida. Ya sha kama ni ina satar magaryar gidansu, ya ce tafiyata irin ta agwagwa ce, ba ta ɓuya.

Matarsa Mairama 'yar Kamarawa ce, ta wajen Isa. Bazawara ce ya aure ta, kuma a lokacin idonta garau. Mutane suka ce Kalilu ya yi idanu. Ita kuwa ta ce ta gaji da maza masu ido waɗanda ba sa ganin komai sai kwanon tuwo. Allah bai bar musu ɗa ba, sun haifa sun rufe, amma ban san wani gida da ake hira da dariya irin nasu ba. Daga baya ciwon ido ya kama ta, irin wanda gashin ido ke juyawa ciki yana ta kartar ƙwaya. Ta yi ta tsige shi da ɗan hantsaki, yana sake fitowa. Kafin furfura ta gama rufe mata kai, duniya ta zama mata hazo, daga hazo sai duhu.

Wanda ya girma cikin duhu daban, wanda ya shige shi da tsufa daban. Kalilu yana tafiya kamar mai gari. Mairama kuwa in ta tashi tsaye sai ta miƙa hannuwa gaba tana jan ƙafa, kamar kullum rijiya ce a gabanta. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya koya mata, ta ce kanta ba ya ɗauka.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana da hantsi ne. Ba zan tsaya ba da wannan labari ba, duk wanda ke ƙasar nan yana da irinsa. Sun kora dabbobi, sun cinna wa rumbuna wuta, wuta ta kama jinkar ɗakuna. Kalilu na waje da tufkarsa, Mairama na ɗaki. Ɗakin da ta yi shekaru tana sharewa ne, amma da hayaƙi ya cika shi sai ta rasa ƙofa. Ya shiga ya same ta tana juyawa wuri ɗaya tana kiran sunan uwarta. Kafin ya fito da ita wani ɓangaren jinka ya faɗo mata a kafaɗa. Tabon ya warke, tsoron bai warke ba. Tun daga ranar ko ƙaurin tuwo ta ji sai jikinta ya ɗauki rawa.

Muka kwaso abin da ya rage muka shigo Sabon Birni. Aka zuba mu a wani tsohon sito da a da ake ajiye takin zamani, dogon gini mai rufin kwano. Ƙofa ɗaya gare shi. Tagoginsa 'yan ƙanana ne can sama, kuma da ƙarafa. Kowane iyali ya kafa sanduna ya kewaye nasa wuri da zana da tsofaffin buhuna, aka bar 'yar siririyar hanya a tsakiya tana lanƙwasa nan tana lanƙwasa can, kamar hanyar ɓera. In ana ruwa a ciki ake girki. In ana rana ma wasu a ciki suke yi, don kada maƙwabta su ga abin da ke tukunya, ko su ga babu.

Dattawa suka zauna suka ce a ba Kalilu da matarsa can ƙurya, ƙarshen sito, inda yara ba za su tattake su ba, ruwa ba zai feso musu ba. Tausayi ne, wallahi tausayi ne. Kalilu ya ce, "Ku yi man arziki ku ba mu bakin ƙohwa." Aka ce masa haba, a ajiye makafi a bakin ƙofa, baƙo ya shigo ya ce ba mu san darajar mutane ba? Kuma dai bakin ƙofar akwai waɗanda suka riga suka shimfiɗa tabarmi.

Ba a daɗe ba wata ta bar murhu, wuta ta lashi zana. Nan da nan aka kashe ta da ruwan randa, amma kafin a kashe ta, kowa ya yi waje da gudu. Kalilu yana kasuwa. Da muka koma ciki sai na tarar da Mairama a wurin wasu mutane, ta durƙusa ta manna fuska a bango tana tari. Ta tashi za ta gudu ne ta faɗa inda ba hanya. Da ya dawo na faɗa masa. Ko tsokanar da na yi masa bai rama ba. Washegari bai kai igiya ko ɗaya kasuwa ba, ya zauna ya fara wata doguwa.

Ya ɗaure bakinta a sandar da ke kan shimfiɗarsu, ya ja ta daga sanda zuwa sanda daidai ƙugu har bakin ƙofa. Ta tsakiyar hanya ta bi, domin jikin bango duk kayan mutane ne jingine. A jikinta ya yi ƙulle-ƙulle kusa da kusa, kowane ƙulli ya bar masa 'yar wutsiya da ta kwanta tana kallon ƙofa. Ko ta ina ka kama igiyar, da ka shafa ƙulli ɗaya ka san ina ne waje. Inda hanya ta lanƙwasa ya rataya ƙwallon goriba. Wajen randunan ruwa ya ɗaura wani tsumma da ya tsinta. A bakin ƙofa kuwa ya ɗaure ƙahon akuya da ya roƙo wurin mahauta, don hannu ya ji abu mai tauri ya san an iso. Tsumman nan ja ne. Shi ina zai sani? A hannu, ja da fari duk tsumma ne.

Ya ɗora hannun Mairama a kai yana biye da ita. "Shahwa ki ji. Wutsiyag ga ina tan nuhwa? To can ƙohwa take." Da farko da kuka take bi. Sannu a hankali ta daina jan ƙafa. Wata safiya ina wurina a tsakiyar sito ina ɓarar gyaɗar mutane, sai na ji murya a kaina.

"Sadiƙa, ki yi baƙuwa. Ni ɗai niz zaka, da ƙahwata."

Na ɗaga kai na ga Mairama tsaye, hannu ɗaya a igiya, tana dariya har da hawaye. Tun da muka baro gida ban ji dariyarta ba sai ranar. Daga nan kullum sai ta fita bakin ƙofa ta sha hantsi, ta dawo ta zauna wurina ko wurin maƙwabciyata Kadijatu mu yi ɓara tare. Har gulma ta koma yi, alamar lafiya ta samu. Ni kuma na zama 'yar sandan igiya. Duk wadda ta shanya zane a kai sai ta ji bakina, kuma bakina ba daɗi gare shi ba.

Ashe akwai masu kallo da wani ido. Sun ga tsoho zaune yana tofi a hannu, leɓɓa na motsi, yana ƙulla igiya. Sun ga ƙaho, sun ga jan ƙyalle. Duk wanda ya taɓa riƙe allo a ƙasar nan an koya masa neman tsari daga masu tofi cikin ƙulli. Sai mata suka fara janye 'ya'yansu in za su wuce, wasu na tofa addu'a a ƙirji. Na ji ana cewa ai makafi dama da abinsu, in ba haka ba ya aka yi yake gane mutum daga tafiya.

Damina ta yi nisa, sauro ya yi mana yawa. Akwai wani Lawwali da ke da 'yar ƙaramar yarinya, Mu'minatu, mai son lilo a jikin igiyar nan. Zazzaɓi ya kama ta, ta yi ta shiɗewa, kafin a kai ta asibiti ta cika. Kowace damina zazzaɓi na ɗauke mana yara tun muna ƙauye, ba igiya ba ƙaho. Amma uwar da ta rasa ɗa tana son abin da za ta nuna da yatsa, kuma sauro ba ya tsayawa a nuna shi. Da wani yaron ya sake kwantawa sai Lawwali ya fito da wuƙa zai datse igiyar. Na tsaya a gabansa na ce sai dai ya fara da ni. Hayaniya ta tashi, aka ce a kira Malam Hafizullahi.

Malam Hafizullahi ɗan gidan malamai ne na cikin gari, saurayi mai natsuwa, shi ke zuwa yana karantar da yaranmu a gindin bishiya ba ya karɓar komai. Ya saurari kowa. Ya sa Kalilu ya yi bayani, sannan ya tafi can ƙurya ya rufe idanunsa ya kama igiyar, ya biyo ta yana shafa ƙulle-ƙullen har hannunsa ya taɓa ƙaho. Ya buɗe ido ya ce wa jama'a babu sihiri a nan, hanya ce aka yi wa marar gani, kuma wanda ya yi ta lada zai samu. Na ce alhamdu lillahi.

Sai dai ba a gama ba. Matar Lawwali ta faɗi ƙasa tana birgima tana cewa ita ba za ta kwana ɗaki ɗaya da abin da ya ci ɗiyarta ba. Maza suka ce Malam yaro ne, karatu ya sani, bai san mutanen ƙauye ba. Wani ya ce ko igiya ta fita ko masu ita su fita. Malam ya duba fuskokin nan ya ga ba za su ji ba, sai ya ja Kalilu gefe, ina tsaye ina ji.

"Baba, a bar igiya, amma a kwance ƙullan, a cire ƙaho da tsumma. Hankalinsu shi kwanta."

"Malam, igiya baki biyu gare ta," in ji Kalilu. "In an kwance ƙulli, tana nuna hanya amma ba ta nuna gaba."

"Na gane, Baba. Wallahi na gane. Amma in ba haka ba, ina tahiya za su ƙone ta dut, ku ma su hid da ku. Ina za ka kai Inna cikin ruwan ga?"

Babu inda Kalilu zai kai ta, kowa ya sani. Lawwali ya ce kuma sai ya yi alkawari ba zai sake ƙulla ko ɗaya ba, a fili ko a ɓoye. Ya yi alkawari a gaban Malam. Bai yarda wani ya sa hannu ba, shi da kansa ya bi igiyar yana kwancewa, wani ƙullin har da haƙori, jama'a na tsaye suna kallo. Ban taɓa jin na tsani mutanena ba sai ranar, kuma mutanen da muka gudo tare ne, muka binne 'yan'uwa tare.

Na ce masa ya ƙulla ƙanana a ɓoye, wa zai lura? Ya ce shi bai iya cin alkawari ba, kuma yaran sito sun fi kaza ido. Na ce to ya koya wa Mairama ta gane daga murɗin tufkar. Ya ce, "Uwargijiyata ba ta san aiki ba. Tuhka ko ta ina kit taɓa ta, murɗinta guda na." Ya daɗe yana juya abin a ransa, har ya samo wata dabara: ya tufka sabuwa wadda zai riƙa cusa gajerun zare a jikinta, duk su kwanta gefe ɗaya kamar gashin akuya. In ka shafa zuwa ƙofa santsi, in ka juya baya ta soke ka. Ba ƙulli, ba abin da za a ce. Amma tana cin rama da yawa, rama kuwa daga wajen Isa take zuwa, hanyar da direbobi ke bi da addu'a a baki. Wata rana a samu ɗan ƙunshi, wata rana a ce mota ba ta fito ba. Ga shi sai ya tufka ta sayarwa kafin su ci. Damina ta wuce, aka yi kaka, sabuwar igiya ba ta kai rabin sito ba lokacin da bazara ta shigo.

Ya roƙi Mairama ta riƙa zama a ƙurya in ba ya nan, domin daga can igiya gaba ɗaya kawai gare ta. Ta zauna na ɗan lokaci. Amma ƙurya da zafin bazara, ƙarƙashin kwano, ba iska ba abokin magana, wa zai iya? Ta koma zuwa wurinmu. Ta ce ai in lafiya lau ta san hagu da dama, kuma gaskiya ta faɗa.

Ranar da abin ya faru ina cikin gari, gidan da nake yi wa surfe. Kalilu ya tafi tasha, an ce masa wani direba ya taho masa da rama daga Isa. Bayan azahar na ji ana ihu ana gudu, na leƙo na ga hayaƙi ta wajenmu. Ko gyale ban ɗauka ba.

Kadijatu ce ta ba ni labari daga baya, domin a wurinta Mairama take zaune. Wata ce ke suyar awara, mai ya fantsama, zana ta kama. Zana a bazara kuwa ba ta jira. Kadijatu ta saɓa jikanta a kafaɗa, ta kama hannun Mairama suka fito hanya. Mutanen ciki suka taho a guje suka banke su, kowa ta faɗi gefenta. Ta tashi tana laluben Mairama cikin hayaƙi ba ta ji ta ba, jikan na shaƙewa, sai ta yi ta ƙwala kira, "Bi igiya, Mairama, bi igiya!" ta yi waje.

Mutanen gari suka taru da bokitai da yashi. An samu masu ƙuna, an yi asarar ɗan abin da ya rage mana, amma da aka duba kowa ya fito, sai mutum ɗaya. Tsakiyar sito ce ta cinye. Wutar ba ta ma kai ƙurya ba, hayaƙi ne ya taru a can ya rasa mafita. Ina cikin waɗanda suka shiga.

Mun fito da ita mun rufe ta da zane a gindin bishiya sai ga Kalilu ya taho, ƙunshin rama a kansa. Tun daga nesa warin ya gaya masa. Ya tsaya, kowa na kallon ƙasa. Lawwali na cikinsu, hannunsa duk ƙuna, domin shi ma ya yi ta ɗibar ruwa. Ba wanda ya iya matsawa sai ni.

"Sadiƙa, ke ta?"

"Ni ta."

"Ina Mairama?"

Na ce, "Sai haƙuri, Kalilu."

Ya sauke ƙunshin a hankali ya ajiye, ya yi salati, ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ɗauka zai faɗi, bai faɗi ba.

"Ina anka ishe ta?"

Na so in ce masa bakin ƙofa, saura kaɗan ta fita. Bakina ya ƙi.

"Ƙurya. Wurin shimhiɗarku."

"Igiya hwa?"

"Tana hannunta. Ta naɗe ta ga wuyan hannu."

Sai ya ce, "To ta bi ta har ƙarshe ke nan. Ba ta yi kuskure ba."

Na ce ba ta yi ba.

Masu wanka suka iso, aka ce a kai shi inda take ya yi mata addu'a. Bishiyar na nan kusa, wurin da ya saba zama, yana jin muryoyin mata a gindinta. Tun da nake da shi ban taɓa ja masa sanda ba, in na gwada ma zagina yake. Ya ɗaga sandar ya miƙo mini bakinta.

"Ja ni, Sadiƙa," ya ce. "Ban san ina za ni ba."